Darasin tantance shafukan intanet a wata cibiya ta Wadata: rabinsa ya biya kuɗinsa

Wata cibiyar koyar da kwamfuta da ke unguwar Wadata a Yamai, wadda aka fi saninta da koyar da buga rubutu da aikin Word da Excel, ta ƙara wani gajeren kwas a cikin ayyukanta, ta keɓe shi ga ɗaliban lise da na shekarar farko a jami'a. Abin da tallarta ta yi alkawari shi ne koya wa ɗalibi gane shafin intanet abin dogaro ta hanyar duba haruffan da ke ƙarshen adireshinsa, irin su .com da .org da .gov da .ne, waɗanda malamin cibiyar yake kira wutsiyar adireshi. Kuɗin shiga jikka biyar ne, wato sefa 5,000, kuma ana yin darussan ranakun Asabar da rana. Ni malamin tarihi da labarin ƙasa ne a wani lise, kuma na zauna a ajin tare da wasu ɗalibaina domin in ga ko ya dace in tura sauran. Kashin farko na kwas ɗin, inda ake koyon karanta adireshi, ya cancanci kuɗin da aka biya har da ƙari. Kashi na biyu kuwa, wanda shi ne aka yi tallar da shi, an gina shi a kan wani jadawali da bai dace da ƙasarmu ba, kuma ɗalibin da ya haddace shi yadda aka ba shi zai iya fita da kuskuren da bai shigo da shi ba.

Game da wurin babu dogon zance. Ɗakin yana da tsabta, kwamfutocin tsofaffi ne amma suna aiki, akwai fanka, kuma idan wuta ta ɗauke ana tada inji ba tare da an ɓata lokaci ba. Intanet ɗin yana yin nauyi idan kowa ya buɗe shafi a lokaci guda. Malamin saurayi ne mai haƙuri, yana bayani da Faransanci, ya maimaita da Hausa ko Zabarmanci ga wanda bai gane ba, kuma ba ya kunyatar da ɗalibi a gaban ƴan'uwansa idan ya yi tambayar da ta ba su dariya.

Darasin karanta adireshi shi ne abin da ban taɓa ganin an koyar a makarantunmu ba, alhali kuwa kowane ɗalibi mai talho yana buƙatarsa. Malamin ya rubuta dogon adireshi a allo, ya nuna cewa ainihin sunan mai shafi ba a farkon layi yake ba. Ana neman sandar farko da ta karkata (/) bayan sunan, a tsaya a nan, sannan a karanta daga dama zuwa hagu: wutsiyar ita ce ta farko, kalmar da ke gabanta kuma ita ce sunan da aka yi wa rajista. Duk abin da ke hagu da wannan, mai shafin ne yake rubuta shi yadda ya ga dama, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Domin ya tabbatar musu, sai ya ƙirƙiri misali irin saƙonnin da ke yawo a WhatsApp na tallafin karatu ko ɗaukar ma'aikata, ya rubuta gouv.ne.tallafi-kyauta.xyz, ya tambayi ajin na wane ne. Kusan kowa ya ce na gwamnati ne, tunda sun ga gouv.ne. Da suka bi ƙa'idar da ya koya musu, suka gano cewa sunan gaskiya shi ne tallafi-kyauta.xyz, kuma gouv.ne ɗin ado ne kawai da aka liƙa a gaba domin a ruɗi mai karatu. Ya ci gaba da ba su irin waɗannan misalai, wasu da harafi ɗaya da aka musanya, wasu da lamba 0 a wurin harafin o, har sai da idonsu ya saba. Wannan aiki kaɗai zai iya tsare iyali daga asarar kuɗin da ya ninka jikka biyar sau da yawa, domin masu damfara da sunan tallafin karatu a waje ba sa neman komai sai kuɗin cike takarda da hoton katin ɗan ƙasa.

Ya kuma kawo labarin da ya dace da wurin. A watan Yulin 2023 jaridar Financial Times ta bayyana cewa shekara da shekaru miliyoyin saƙonnin imel da aka nufa ga sojojin Amurka, masu wutsiyar .mil, suna faɗawa cikin .ml, wato wutsiyar ƙasar Mali, saboda masu aikawa suna mantawa da harafin i. Ɗalibai sun ji daɗin labarin, kuma ya zaunar musu da cewa harafi ɗaya a wannan wuri yana iya canza ƙasa sukutum.

Bayaninsa na tarihi gajere ne kuma daidai. Wutsiyoyin farko, .com da .org da .net da .edu da .gov da .mil, sun fara aiki a 1985, aka ƙara .int a 1988, sannan kowace ƙasa ta sami haruffa biyu nata bisa jerin da ake kira ISO 3166. Nijar ta sami .ne a 1996, kuma tsohon kamfanin sadarwa na SONITEL ne aka damƙa wa kula da ita. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998, ita ce ke tsara wannan fanni a duniya. Ya ja hankalinsu a kan ruɗanin da ni ma na sha gani a takardun ɗalibai: .ne ta Nijar ce, .ng ta Najeriya, .ni kuwa ta Nikaragwa ce a can tsakiyar nahiyar Amurka. Har ma ya nuna musu adireshin da ya ƙare da .ne.jp, wanda na Japan ne kuma ba shi da wata alaƙa da mu. Ga malamin labarin ƙasa wannan abin so ne, kuma na ɗauki dabarar zuwa ajina.

Matsalar ta fara ne lokacin da aka raba takardar jadawalin. An kasa wutsiyoyin gida uku da launuka. Kore, wato a amince, an sa .gov da .edu. Ruwan ɗorawa, wato a amince da ɗan taka-tsantsan, an sa .org da .net. Ja, wato a yi hattara, an sa .com da duk sauran. A ƙasan takardar an rubuta cewa idan ɗalibi yana haɗa bayanan da zai gabatar a aji, ya fifita kore, ya guji ja. Duk wanda ya duba ya san cewa an tsara wannan jadawali ne domin ɗaliban Amurka, aka juya shi zuwa Faransanci, aka kawo mana shi ba tare da an tambayi ko ya hau kanmu ba.

Wutsiyar .gov ta hukumomin Amurka ce kaɗai, daga gwamnatin tarayya har zuwa ƙananan hukumomi, kuma tun 2021 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ce ke kula da ita. Babu ma'aikatar Nijar ko ɗaya da za ta iya samunta. Wutsiyar .edu kuma tun 2001 tana hannun ƙungiyar Educause, wadda ba ta ba da sabuwar rajista sai ga manyan makarantun da hukumomin Amurka suka tantance, ban da waɗanda suka riga suka mallaka kafin wannan shekara. Ke nan Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua ba sa cikin gidan kore, ba don karatunsu ya gaza ba, sai don ƙofar ba tasu ba ce. Ɗalibin da zai yi bincike a kan ruwan sama a Adar ko farashin gero a Maraɗi, idan ya bi takardar nan da gaske, zai tsallake kusan duk majiyoyin da suka fi sanin abin da yake nema.

Na gwada jadawalin da shafukan da nake tura ɗalibai kullum, kuma sakamakon ya isa hujja. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, wadda ita ce tushen alƙaluman yawan jama'armu, tana kan stat-niger.org, wato ruwan ɗorawa. Jaridar gwamnati Le Sahel tana kan lesahel.org, ita ma ruwan ɗorawa. Kamfanin dillancin labarai na ƙasa, ANP, yana kan anp.ne, fadar shugaban ƙasa tana kan presidence.ne, ma'aikatu da dama kuma suna ƙarƙashin gouv.ne, amma .ne ba ta da gurbi a jadawalin sai cikin "sauran", wato ja. Babban bankin BCEAO mai fitar da kuɗin sefa yana kan bceao.int, Hukumar Lafiya ta Duniya tana kan who.int, Tarayyar Afirka tana kan au.int, kuma .int tana daga cikin wutsiyoyi mafiya tsauri, domin an keɓe ta ga ƙungiyoyin da aka kafa bisa yarjejeniya tsakanin ƙasashe, amma takardar ba ta ambace ta ba sam. Sashen Hausa na BBC da na DW suna kan .com, na RFI yana kan .fr. Ba ina cewa duk abin da waɗannan shafuka suka faɗa gaskiya ne ba. Ina cewa ma'aunin da ya jefa bankin da ke fitar da kuɗin aljihunmu cikin gida ɗaya da shafin ƴan damfara ya kasa yin aikin da aka ɗauko shi domin ya yi.

Abin da ya kamata a koyar a wannan gurbi ya fi jadawalin sauƙi. Wutsiyoyi iri biyu ne: masu ƙofa a rufe, waɗanda sai an nuna takardun shaida kafin a samu, da masu ƙofa a buɗe, waɗanda duk mai kuɗin rajista zai saya cikin ƴan mintuna. A ƙasashe da yawa rufaffiyar ƙofar tana mataki na biyu ne, kamar gouv.fr a Faransa, gov.uk da ac.uk a Ingila, gov.ng da edu.ng a Najeriya, inda ƙungiyar NiRA ke kula da rajistar .ng. Wannan yana da amfani kai tsaye ga ɗalibanmu masu neman gurbin karatu a Kano ko Zariya, domin sanin cewa Jami'ar Bayero tana kan buk.edu.ng kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana kan abu.edu.ng ya isa ya sa su yi shakkar duk wani shafi da ke karɓar kuɗin rajista da sunan waɗannan jami'o'i a wani adireshi dabam. Ita kuwa .ne ita kaɗai, ba tare da gouv a gabanta ba, ba ta nufin hukuma, tunda kamfanonin kasuwanci ma suna amfani da ita.

Wutsiyar .org ce ta fi damuna, domin ɗalibai suna ganin girmanta. Takardar ta ce ta ƙungiyoyin da ba na neman riba ba ce. Haka aka yi niyya da farko, amma ba a taɓa sa sharaɗi ba, kuma ƙungiyar Public Interest Registry da ke riƙe da ita tun 2003 ba ta tambayar mai saye ko shi wane ne. A matsayina na malamin tarihi akwai misalin da ba ya fita raina: shekaru da yawa adireshin martinlutherking.org ya kasance a hannun wata ƙungiyar masu aƙidar fifita farar fata a Amurka, waɗanda suka cika shi da ɓatanci ga Martin Luther King, jagoran fafutukar ƴancin baƙar fata, suka yi masa kamannin shafin da aka shirya domin ƴan makaranta. Sunan daidai ne, wutsiyar mai mutunci ce, abin da ke ciki kuma guba ne. Masu bincike na Jami'ar Stanford a ƙarƙashin Farfesa Sam Wineburg sun auna irin wannan rauni a 2019 da ɗaliban sakandare 3,446 a Amurka. An nuna musu wani shafin .org mai magana a kan sauyin yanayi, kuma kashi 96 cikin ɗari ba su lura da cewa masu shafin suna da alaƙa da kamfanonin mai da kwal ba, sai suka tsaya ga kyan shafin da wutsiyarsa da abin da ya faɗa game da kansa. Idan jadawalin bai tsare ɗaliban ƙasar da aka tsara shi dominsu ba, ban ga dalilin da zai sa ya tsare namu ba.

Haruffan ƙasashe ma ba su da tabbas ɗin da aka ɗora musu. Wutsiya kamar tsohuwar lambar motarmu take, wadda 8 a farkonta ke nufin Yamai, 5 ke nufin Tahoua: tana faɗin inda aka yi rajista, ba ta faɗin halin direba ko inda motar take yawo yau. Wutsiyar .tv ta tsibirin Tuvalu ce amma gidajen talabijin na duniya ne suka mamaye ta, .ai ta tsibirin Anguilla ce amma kamfanonin ƙirƙirarriyar basira ke sayenta, .co kuma ta Kwalambiya ce, kuma da ita aka yi shafin ƙarya na abcnews.com.co wanda ya yaudari jama'a a lokacin zaɓen Amurka na 2016 ta hanyar kwaikwayon sunan wata babbar kafar labarai. Kamfanin Freenom ya daɗe yana raba adireshin .tk da .ml da .ga da .cf da .gq kyauta, har masu damfara suka yi musu yawa, kafin ya daina sabuwar rajista a 2023, shekarar da kamfanin Meta, mai Facebook, ya kai shi kotu. Wannan bai mayar da shafukan hukumomin Mali (.ml) ko Gabon (.ga) na ƙarya ba. Tun shirin faɗaɗawa na 2012 kuma an ƙara sababbin wutsiyoyi fiye da 1,000, har da .africa, ta yadda babu jadawalin da zai iya ƙunsar su. Ita kanta .xyz da malamin ya yi misalin damfara da ita, kamfanin Alphabet, uwar Google, yana amfani da ita a abc.xyz.

Akwai wani abu da ya wuce batun wutsiya, wanda na so a ce an taɓo ko da a taƙaice. Ko da rufaffiyar wutsiya ta tabbatar da cewa hukuma ce ke magana, abin da ta tabbatar shi ne mai maganar, ba ingancin maganar ba. Shafin gwamnati majiya ce mai kyau ga abin da gwamnati ta sanar, ranar jarrabawa ko matanin doka, amma ba shi ne alƙali a kan ko manufarta ta yi nasara ba, kuma wannan haka yake a Washington kamar yadda yake a kowane babban birni. Shafin jami'a ma yana iya ɗauke da rubutun ɗalibin da bai gama koyo ba a gefen aikin farfesa. Wannan bambanci shi ne abin da muke fama mu cusa wa ɗalibai a darasin nazarin takardun tarihi, kuma launin kore yana rushe shi cikin sauƙi.

Wata ɗaliba ta tambaya, "Malam, to idan akwai hoton kwaɗo a gefen adireshi fa, ba shi ke nan ba?" Ya amsa mata cewa kwaɗon alama ce mai kyau, ya wuce. Amsar ba ta cika ba. Kwaɗon da haruffan https suna nufin cewa wani ba zai iya leƙa abin da ke wucewa tsakanin talho da shafin ba, amma ba sa cewa komai game da amanar mai shafin, kuma ana samun takardar shaidar kyauta, don haka ƴan damfara ma suna da ita. Saboda wannan rashin fahimta ne Google ya cire hoton kwaɗon daga manhajarsa ta buɗe shafuka, Chrome, a watan Satumban 2023.

Abin da kwas ɗin ya rasa shi ne dabarar da wani binciken Stanford na dabam ya samu a wurin ƙwararrun masu tantance labarai, wato barin shafin da ake shakka, a buɗe wani gurbi, a rubuta sunan masu shi, a ga abin da wasu majiyoyi suka ce game da su kafin a karanta abin da suka ce game da kansu. Haka kuma ba a nuna wa ɗalibai lookup.icann.org ba, inda ake ganin ranar da aka yi wa adireshin .com ko .org rajista, ko da an ɓoye sunan mai shi. Shafin da ke iƙirarin cewa na tsohuwar hukuma ne amma aka yi masa rajista makon jiya ya riga ya tona kansa. Ba a kuma nuna archive.org ba, inda ake ganin kamannin shafi a shekarun baya. Duka waɗannan kyauta ne, kuma lokacin da aka ɓata wajen haddar launuka ya ishe su.

Bayan darasi na nuna wa malamin jerin shafukan Nijar da suka faɗa gidan ja da na ruwan ɗorawa. Bai yi gardama ba. Ya ce, "Gaskiya ne, Malam, takardar haka na same ta a cibiyar," kuma ya rubuta adireshin a littafinsa. Wannan ya ƙara masa daraja a idona, amma har aka kammala kwas ɗin takardar ba ta canza ba, kuma jarrabawar ƙarshe ta ƙunshi tambayoyin haɗa wutsiya da launinta, ta yadda ɗalibin da ya fahimci cewa bceao.int abin dogaro ne zai iya rasa maki a kan fahimtarsa.

Zan tura ɗalibaina na ajin ƙarshe, musamman masu shirin neman tallafin karatu bayan jarrabawar Bak, saboda darasin karanta adireshi, tare da gargaɗin cewa su karɓi takardar launukan su ajiye, mu tattauna ta a aji. Ga ƙananan ɗalibai na kwaleji, waɗanda ke ɗaukar duk abin da aka buga a takarda a matsayin doka, ba zan ba da shawarar a kai su ba sai an gyara jadawalin. Duk wanda zai je kuma ya tafi da talhonsa, ya roƙi malamin ya maimaita aikin a kanta, domin a cibiyar ana yin komai a kan babban allon kwamfuta inda adireshi ke fitowa cikakke, alhali a talho ana yanke shi, idan kuma a cikin Facebook aka buɗe mahaɗin yakan fito ne da ƙananan haruffa a can sama, sai an taɓa wurin ko an kwafe shi kafin a ga inda sandar farko take.